Inda manya za su je a duba su kan larurar ADHD a asibitin gwamnati: jagora ga mazauna Jihar Kebbi

Akwai wani malamin sakandare da na sani a Birnin Kebbi, ya haura shekara 35, yana da mata da 'ya'ya, kuma duk ɗalibin da ya zauna a ajinsa zai shaida cewa ya san darasinsa. Amma kowane ƙarshen zango sai an kai ruwa rana da shi kafin ya miƙa sakamakon jarrabawa. Takardun ɗalibai na jibge a ƙarƙashin gadonsa, yakan ɗauko su da kyakkyawar niyya, ya duba biyar, ya tuna bai sayi katin wuta ba, ya fita, ya dawo da kifi a leda, ya manta abin da ya fitar da shi. Tun yana yaro ake ce masa mai rawar kai, da ya girma aka koma ce masa mai shiririta, shi ma har ya sallama cewa haka Allah ya yi shi. Sai ranar da ya kai ɗansa wurin likita saboda ƙorafin malamai, likitan ya shiga jero tambayoyi a kan yaron, uban ya ji kamar tarihinsa ake karanta masa. Da ya fito, tambayar da ya yi mini ita ce: ni kuma ina zan je?

Larurar da ake kira ADHD a taƙaice larura ce ta ƙarancin natsuwa da yawan motsi da saurin aikata abu kafin tunani. Tana farawa ne tun ƙuruciya, tana bin jini a cikin dangi, kuma mutane da yawa ba sa rabuwa da ita bayan sun girma, sai dai kamanninta su sauya: yaron da ba ya iya zama a kan benci ya zama magidancin da zuciyarsa ba ta iya zama a kan aiki ɗaya. Ana ƙiyasta cewa tana shafar kimanin manya 2 zuwa 3 cikin kowane 100. Littafin DSM-5 na likitocin Amurka, wanda ya fito a 2013, ya shimfiɗa sharuɗɗan da likitoci da yawa ke bi. Ga wanda ya kai shekara 17, dole a samu aƙalla alamomi 5 cikin 9 a ɓangaren rashin natsuwa ko a ɓangaren yawan motsi da gaggawa, su ɗauki aƙalla wata 6, wasu daga cikinsu sun bayyana kafin shekara 12, a gan su a wuri fiye da ɗaya kamar gida da wurin aiki, kuma su zama suna yi wa rayuwar mutum illa a zahiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya larurar a kundinta na ICD-11 da ya fara aiki a 2022.

Wanda ya shiga intanet neman bayani zai ci karo da labaran Ingila, inda tsarin lafiyar gwamnati ya ba majiyyaci haƙƙin zaɓar cibiyar da za a tura shi, saboda layin jira a wasu yankunansu yana kai shekaru. Wannan tsarinsu ne, ba ya aiki a nan. Matsalarmu daban take. Likitocin larurar tunani da halayya, waɗanda ke duba wannan larura, a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane, kuma mafi yawan lokacinsu yana tafiya ne a kan masu larurar da ta fi tsanani. Saboda haka abin da mutumin Kebbi zai auna shi ne inda zai samu likitan da zai ba shi lokaci, inda aljihunsa da hanyarsa za su bar shi ya koma sau da yawa, da inda maganin ba zai yanke masa ba. A ganina na biyun ne ya fi kayar da mutane, kuma shi aka fi mantawa.

Mataki na farko: ka tattara tarihinka kafin ka taka ƙofar asibiti

Babu awon jini, babu hoton ƙwaƙwalwa, babu wata na'ura da ake jona wa mutum ta nuna yana da ADHD. Da hira ake gano ta, da tarihi, da shaidar waɗanda suka san mutum. Wanda ya je hannu rabbana, ya ce wa likita "ni dai ina yawan mantuwa", ya sa aikin ya yi wuya, domin mantuwa alama ce ta abubuwa goma.

Ka samu littafin rubutu ka yi mako biyu kana rubuta abin da ya faru da kai a zahiri, da rana da wuri. Maimakon ka rubuta cewa ba ka da natsuwa, rubuta cewa ranar Talata ka bar shago a buɗe ka tafi masallaci, ko an yi taron ma'aikata na awa ɗaya ka fito ba ka riƙe komai ba, ko ka yi alkawarin kai wa surukinka saƙo sau uku kana mantawa, ko ka sayar da buhun shinkafa ka kasa tuna ko an biya ka. Ka haɗa da abin da wannan hali ya jawo maka: takardar gargaɗi a ofis, jarrabawar da ka maimaita, sana'o'in da ka fara ka watsar, hatsarin babur, rigimar gida. Ka rubuta awa nawa kake barci, da duk maganin da kake sha.

Sai ɓangaren da ya fi wuya, wato ƙuruciya. Tun da sharaɗi ne a ce alamomin sun fara kafin shekara 12, likita zai so ya ji daga wanda ya san ka a lokacin. Idan kana da katin sakamakon firamare, ka nemo shi, domin ɗan layin da malami ke rubutawa a ƙasa, irin su yana da ƙoƙari amma ba ya maida hankali, ko yana damun 'yan aji da surutu, yana da daraja ƙwarai. Da yawa daga cikinmu gara ko ruwa sun cinye waɗannan takardu, wasu kuma makarantar allo kaɗai suka yi. Wannan ba ya hana a duba mutum. Shaidar baki ta wadatar idan aka samu mai ba da ita da kyau, sai dai zaɓen mai shaidar yana buƙatar dabara. Malamin da na ambata ɗan fari ne, kuma da ya zauna gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, don Allah yaya nake lokacin da nake ƙarami?", sai ta kau da kai ta ce, "Yaro ai yaro ne, me ya kawo wannan magana?" Alkunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta zauna tana ba da labarinsa ba, balle a gaban baƙon likita. Gwaggonsa ce ta warware masa. Ta yi dariya ta ce, "Kai? Ai in an aike ka sayen manja sai an sake aiken wani ya nemo ka. Malam ya gaji da ɗaure ka a makarantar allo, takalminka kuwa ba ya wata biyu." Wannan ita ce irin shaidar da ake nema. Yaya, ko gwaggo, ko kawu, ko abokin da kuka tashi tare, sau da yawa sun fi iyaye sakin baki. Iyaye kuma sukan ga faɗin irin wannan kamar tona asirin ɗansu ne, ko zargin tarbiyyar da suka ba shi.

Ga mata akwai ƙarin abin lura. Yarinya mai wannan larura sau da yawa ba ta da ƙiriniya, shiru take, hankalinta ne kawai ke tafiya, sai a ce mata sakarai ko mai sanyin jiki. Idan ta yi aure abin ya fito a ƙonewar girki, da tarin wanki, da mantuwa da ranar rigakafin yara, ta sha faɗa a wurin miji da uwar miji. Irin waɗannan misalai su ne za ta rubuta, kuma 'yar'uwar da suka kwana ɗaki ɗaya tun suna yara ita ce shaidarta.

Akwai wata takardar tambayoyi mai suna ASRS da aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, tambayoyinta 18 ne, 6 na farko su ne na tantancewa. Ana samunta kyauta a intanet, kuma babu laifi mutum ya cike ta ya tafi da ita. Ita dai tana nuna ko ya dace a bincika ne, ba ta yanke hukunci, domin mai ciwon damuwa ko wanda ba ya samun barci shi ma zai iya samun maki mai yawa a cikinta.

Mataki na biyu: ka san irin asibitocin da ke gabanka

Asibitocin gwamnati hawa uku ne. Ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwa da ƙauye, waɗanda galibi ma'aikatan lafiya na al'umma ke riƙe da su, ba wurin gano ADHD a jikin babba ba ne, amfaninsu shi ne a auna maka hawan jini a ba ka takardar turawa gaba. Manyan asibitocin jiha da ke garuruwa irin su Argungu, Jega, Yauri da Zuru suna da likitocin gama-gari, kuma a nan za a iya kawar da wasu cututtukan jiki da ke kwaikwayon wannan larura, kamar ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo. Hawa na uku, wato asibitocin koyarwa da na ƙwararru, nan ne ake neman wanda zai yi cikakken binciken.

A cikin Birnin Kebbi, wuraren da mutum zai fara tambaya su ne Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yanzu mutane da yawa ke kira FMC da tsohon sunansa, da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya na gwamnatin jiha. A wajen jiha, mafi kusa ita ce Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 150 daga Birnin Kebbi, inda akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo mai sashen wannan fanni, sannan akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, arewa da birnin a kan hanyar Illela, wanda duk aikinsa ke nan. Daga nesa akwai irinsa a Barnawa cikin Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano a Kano. Waɗannan na nesa suna da ma'ana ne ga wanda karatu ko kasuwanci ke kai shi can a kai a kai, ko yake da ɗan'uwan da zai sauka a gidansa.

A nan ya kamata a yi magana a kan Kware ba tare da kwana-kwana ba. A ƙasarmu sunan garin ya zama abin zolaya, in an ce za a kai mutum Kware kowa ya san abin da ake nufi, kuma na ga wanda ya gwammace ya ci gaba da wahalarsa da a gan shi a ƙofar wurin. Gaskiyar magana ita ce, asibiti irin wannan yana da sashen masu zuwa su ga likita su koma gida a ranar, kuma masu zuwa can sun haɗa da masu rashin barci, da masu farfaɗiya, da masu fargaba, da ma'aikata sanye da kayansu masu guga. Wanda ya kai kansa don a duba natsuwarsa babu dalilin da za a kwantar da shi. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majiyyaci na a riƙe sirrinsa da kuma neman yardarsa kafin a yi masa magani. Duk da haka ban raina damuwar mutane ba. Idan ka san kunyar wurin za ta hana ka komawa karo na biyu, asibitin koyarwa ya fi maka, domin mai shiga can babu wanda ya san ko ido ya kawo ko haƙori.

Wani ruɗani da ke ɓata wa mutane rana guda shi ne kalmar "likitan ƙwaƙwalwa", domin da Hausa mukan kira ƙwararru daban-daban da wannan suna. Akwai likitan jijiyoyi mai duba shanyewar ɓarin jiki, akwai mai tiyatar kai, akwai kuma likitan larurar tunani da halayya, wanda ma'aikatan asibiti ke kiran sashensa saikayatiri. Na ƙarshen kake nema, shi ne kuma mai ikon rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti yana iya yin gwaje-gwajen takarda da koyar da dabarun tsara rayuwa, kuma wurin da ke da su biyun ya fi wurin da ke da ɗaya.

Mataki na uku: inshora da takardar turawa

Idan kai ma'aikacin gwamnatin tarayya ne mai rajista da NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ko kana cikin KECHEMA, tsarin inshorar lafiya na jiha, kada ka yi tsalle ka tafi babban asibiti kai tsaye. Ka fara da asibitin da ka zaɓa a rajistarka, su rubuta maka takardar turawa, a samo lambar amincewa kafin ka tafi. Wanda ya tsallake wannan yakan biya komai daga aljihunsa, kuma da wuya a dawo masa da kuɗin. A tsarin ma'aikatan tarayya majiyyaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da ke cikin jerin inshora, don haka tun a teburinsu ka tambaya ko maganin wannan larura yana cikin jerin, da kuma ko takardar za ta yi aiki a asibitin wata jiha.

Marar inshora zai yanki kati ya fara da sashen gama-gari da ake kira GOPD, daga nan a tura shi. A ɗakin likitan farko ka faɗi buƙatarka a fili: kana da matsalar natsuwa tun kana yaro, tana ɓata maka aiki da zaman gida, kana so a tura ka sashen saikayatiri a bincika ko ADHD ce. Ba kowane likita ne ya saba da ganin larurar a jikin babba ba, wani zai ce ai ta yara ce, wani ya rubuta maka maganin ƙarin jini ya ce ka rage tunani. Ka nuna masa littafinka cikin ladabi, ka sake roƙon takardar. Ka yi mata hoto da wayarka kafin ka fita daga ɗakin, tare da katin da rasit, tun da ɓatar da takarda na cikin abin da ya kawo ka.

Mataki na huɗu: ka yi tambaya kafin ka shiga mota

Wannan shi ne zaɓen kansa. Kafin ka kashe kuɗin mota, ka je da ƙafarka idan asibitin na garinku ne, ko ka aika wani amintacce idan na Sakkwato ne, a tsaya wurin nas ɗin sashen ko ma'aikacin ajiye fayil, domin su suka san yadda abubuwa ke gudana a wannan makon. A tambayi ranar da sashen ke ganin sababbin majiyyata, tun da a asibitocin koyarwa kowane sashe da ranakunsa. A tambaya ko akwai babban likitan fannin da ke zaune a wurin, ko kuwa mai ziyara ne daga wani gari, domin idan mai ziyara ne, ranar da bai zo ba tafiyarka ta tashi a banza. A tambaya ko sun saba duba manya kan wannan larura. Inda suke da asibitin yara masu matsalar halayya, alama ce mai kyau, saboda likitan da ya saba ganinta a jikin yara ya fi saurin gane sawunta a tarihin babba. A tambaya ko kantin maganin asibitin yana ajiye maganinta, in ba ya ajiyewa kuma ina masu shan sa ke samu. A ƙarshe a tabbatar babu yajin aiki.

Daga nan sai lissafi. Binciken kansa yakan ci zuwa biyu ko uku, idan kuma aka fara magani, watannin farko suna buƙatar komawa a kai a kai har a daidaita adadin da ya dace da jikinka, bayan nan ma ba a daina zuwa. Don haka kada ka lissafa kuɗin zuwa ɗaya. Ka ɗauki kuɗin mota zuwa da dawowa, da abinci, da kwana idan ya kama, da na wanda zai raka ka, da ranar aikin da za ka rasa, ka ninka sau shida ko fiye, sannan ka duba ko za ka iya. Mutumin Argungu ko Aliero yana iya sammako ya je Sakkwato ya dawo a yini. Mutumin Zuru ko Yauri kuwa, zuwa Birnin Kebbi ma tafiya ce mai nisa a wurinsa, ga kuma sha'anin tsaro da ke tilasta tafiyar rana kawai a wasu hanyoyin. Ga irinsa, abin da ya fi dacewa shi ne ya nemi a yi cikakken binciken a babban asibiti, sannan tun zuwan farko ya tambayi likitan ko zai yarda ya rubuta wa wani likita na kusa da gida wasiƙa, a riƙa awon jini da nauyi a can, shi kuma ya riƙa zuwa jefi-jefi. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin shahararren asibiti mai nisa da matsakaici na kusa wanda ke da likitan fannin a zaune, na kusa zan ɗauka, domin larurar nan da kanta tana sa mutum ya manta ranar komawa, kuma duk abin da ya ƙara wa komawar wahala ƙara mata ƙarfi yake yi.

Harshe ma abin dubawa ne. Takardun gwajin da Turanci aka fi samunsu, kuma ko wanda ya yi boko mai zurfi yakan fi iya bayyana damuwarsa da harshen gida. Kana da damar ka ce a yi hirar da Hausa. Wanda ya fi sakewa da Zabarmanci ko Dakarci ko Fulatanci ya zo da mai fassara, amma ya zaɓi wanda ba ya jin nauyinsa, kada ya zo da suruki.

Mataki na biyar: ranar ganin likita, da yadda za ka gane an yi aiki

Ka yi sammako, ka ci abinci, ka zo da littafinka da mai shaidarka, ko lambar wayarsa idan ba zai iya tafiya ba. A asibitin koyarwa, wanda zai fara ganinka yawanci likita ne mai neman ƙwarewa, ya ɗauki tarihi mai tsawo sannan ya gabatar wa babban likita. Wannan ba raini ba ne, haka tsarin yake, kuma sau da yawa shi ya fi samun lokacin zama da kai. Idan ɗalibai sun cika ɗakin har ka kasa magana, ka faɗa.

Bincike na gaskiya yana ɗaukar awa ɗaya ko fiye. Za a bi ƙuruciyarka, da karatunka, da aikinka, da aurenka, da tarihin dangi. Wasu likitocin suna bin tsararriyar hira mai suna DIVA-5, wadda ke ɗaukar alamomin ɗaya bayan ɗaya tana neman misali a ƙuruciya da kuma a yanzu. Za a kuma yi ta tambayarka abubuwan da kake ganin ba su shafi abin da ya kawo ka ba: baƙin ciki mai daɗewa, fargaba, lokutan da ka yi kwanaki ba barci kana jin ƙarfi fiye da kima, minshari da yankewar numfashi cikin barci, suma ko ɗaukewar hankali na 'yan daƙiƙu. Duk waɗannan suna iya kama da ADHD, ko su zauna tare da ita. A yankunan da suka sha harin 'yan bindiga akwai mutanen da natsuwarsu ta gudu bayan abin da idonsu ya gani, kuma maganinsu daban ne. Idan matsalarka bara ta fara, a baya kuma lafiya lau kake, likita nagari zai nemi dalilin a wani wuri.

Za a tambaye ka batun ƙwaya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ka taɓa shan tiramol don ka iya aiki, ko kodin, ko wiwi, ko kana cin goro da shan shayi mai kauri yini guda, ka faɗa. Masu wannan larura sun fi sauran mutane haɗarin faɗawa shaye-shaye, likitan ya san haka, kuma amsarka ce za ta nuna masa maganin da ba zai cutar da kai ba. Haka nan idan kana karɓar rubutu ko tofi ko wani jiƙo na gargajiya, ka ambata, babu wanda zai hana ka addu'a, amma abin da ke shiga ciki dole a san shi. Abin da ba na ba da shawara shi ne ka shiga ɗakin da sunan magani a bakinka kana nema, domin a wurin da ake fama da masu neman ƙwaya kullum, hakan yana rufe maka ƙofa.

Alamomin aikin gaggawa a bayyane suke. Wanda ya yanke hukunci cikin minti goma, ko ya ce kana da ita ko ya ce ba ka da ita, ba tare da ya tambayi ƙuruciyarka ba, bai bincika ba. Haka wanda ya ce tun da ka gama jami'a ba za ka kasance da ita ba, domin akwai masu kaifin basira da suka ratsa karatu da karatun daren jarrabawa, abin ya kayar da su daga baya a wurin aiki. A irin wannan hali kana da damar neman ganin babban likitan sashen, ko ka nemi ra'ayi na biyu a wani asibitin.

Mataki na shida: bayan an faɗa maka sakamako

Idan an tabbatar da larurar, magungunan da aka fi sani biyu ne. Methylphenidate, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Ritalin da Concerta, yana aiki a ranar da aka sha shi, mai gajeren zango na awa 3 zuwa 4, mai dogon zango har kusan awa 12. Yana cikin magungunan da doka ta tsaurara wa tsaro, ba a bayar da shi sai da takardar likita, ba kowane kanti ke da izinin ajiye shi ba, kuma yana da tsada. Atomoxetine kuwa sai an yi makonni ana sha kafin a ga amfaninsa, kuma akan zaɓe shi ga wanda ke da tarihin shaye-shaye. Kafin a fara ko wanne za a auna hawan jini da bugun zuciya da nauyi, a tambayi ciwon zuciya a dangi. Rage cin abinci da wahalar barci na cikin illolin da aka fi gani. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a rubuta, mai azumi kuma ya tattauna lokacin shan maganin kafin Ramadan ya kama. Kada ka sayi irin wannan magani a kasuwa ko a hannun mai talla a intanet, ka duba lambar NAFDAC, ka ajiye takardar likita tare da shi, musamman idan za ka bi hanya mai shingayen jami'an NDLEA.

Idan maganin ya gagara samu ko kuɗinsa ya fi ƙarfinka, ka koma ka faɗa wa likitan maimakon ka ɓace. Akwai abin da za a yi ba tare da ƙwaya ba, kamar zama da masanin halayya a koyi rarraba aiki gunduwa-gunduwa, da ɗaura ayyukan yini a kan lokutan salla biyar, da sanya ƙararrawar waya, da ware wuri ɗaya na makulli da kuɗi. Malamin nan yanzu takarda goma yake dubawa bayan kowace sallar asuba, matarsa ce ke riƙe da katin asibitinsa.

Idan kuma aka ce ba ADHD ba ce, ka tambaya mece ce, da abin da za a yi mata, domin wahalar da ta kawo ka tana nan. Ko wane sakamako aka ba ka, ka nemi rahoton likita a rubuce mai ɗauke da abin da aka gano da hanyar da aka bi. Yawanci sai an rubuta takardar buƙata an biya kuɗi, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya fito. Rahoton naka ne, ba dole ne ka nuna wa shugaban wurin aikinka ba, amma ranar da aka yi maka canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ko likitanka ya bar asibitin, shi ne zai hana a ce ka sake komai daga farko.